A Gyara Zubi, Kada a Taɓa Ƙugiya



Yau ba a kan ɗafi ko raba kalma za mu tsaya ba. Magana ce a kan tufafin da haruffanmu ke sawa idan za su fita bainar jama'a, wato zubin haruffa, abin da masu kwamfuta ke ce wa font. Na san wani zai ce, Malam, me ya haɗa nahawu da wannan kuma? To, a yi haƙuri a biyo ni.

A zangon karatun da ya wuce na tsara wa ɗalibaina jarrabawa. A ciki akwai tambaya a kan kalmomin da harafi ɗaya ke bambanta su: bari da ɓari, fada da faɗa, baki da baƙi. Na rubuta a kwamfuta, na kai wani shagon buga takardu. Yaron shagon, don ya kyautata mini, sai ya sauya zubin zuwa wani sabo da ya ce shi ake yayi, ya kuma ƙara wa kalmomin kauri don su fito sosai. Ni kuma ban duba ba, wannan laifina ne. Ranar jarrabawa, ba a yi minti biyar da farawa ba, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a lamba ta uku bari da bari aka rubuta."

Na karɓi takardar na duba. Harafin ɓ yana nan, amma ƙugiyarsa ta cushe ta manne da cikinsa, sai ka ce b ne tawada ta ɗiga a kansa. Shi kuwa ƙ na baƙi ya fito siriri tsakanin ƙattin haruffa, kamar baƙo a gidan biki. Dole na tsayar da kowa na sake rubuta tambayar a allo.

Da na koma shagon na nuna wa yaron, sai ya ce, "Ai Malam, da ka cire ƙugiyoyin nan gaba ɗaya, kowa zai gane abin da ake nufi." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, na sani. Amma wannan maganar tasa ce ta sa na zauna yin wannan sharhi, domin ita ce maganar da ke bakin mutane da yawa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: idan zubi ya gaza ɗaukar harafinmu, zubin za a yi wa dabara. Ƙa'idar rubutu ba a yi mata ragi don a faranta wa na'ura.

Mene ne zubi mai sauyawa?

A da, kowane kauri na zubi fayil ne mai zaman kansa. Siriri fayil guda, matsakaici fayil guda, mai kauri fayil guda, mai jirge fayil guda. Idan kana son dangin gaba ɗaya, sai ka tara fayil goma ko fiye. A watan Satumba na 2016, a wani taron masu zana haruffa a birnin Warso na ƙasar Folan, kamfanonin Adobe da Apple da Google da Microsoft suka sanar da sabon tsari na OpenType 1.8. A wannan tsarin fayil ɗaya ke ɗauke da dangin duka. Shi ne nake kira zubi mai sauyawa.

Misalinsa kamar wando mai tazuge ne. Tela ɗinki ɗaya ya yi, amma siriri zai sa, mai ƙiba ma zai sa, kowa ya ja tazugen daidai ƙugunsa. Mai zanen haruffa yakan zana harafi a mafi sirantarsa, ya zana shi a mafi kaurinsa, wani lokaci ya ƙara na tsakiya, sai kwamfuta ta lissafo duk abin da ke tsakani. Abubuwa biyar aka fi sani da ake ja: kauri, faɗi, jirge, salon rubutun tafi-da-gidanka na gefe, da kuma daidaita zane da girman rubutu. Kauri yawanci daga 100 ne zuwa 900. Lamba 400 ita ce rubutun yau da kullum, 700 kuma ita ce mai kaurin da muka saba gani a kanun magana.

Gaskiya abin ya yi kyau, kuma ba zan ɓoye yabonsa ba. Shafin intanet ya fi saurin buɗewa idan abin da za a sauke ya ragu, ga mu da tsadar data. Mai tsara littafi kuma ya sami 'yancin zaɓen kaurin da ya dace da takardarsa. Sai dai wandon nan ba da mu aka auna shi ba a lokuta da yawa. Ga wuraren da nake ganin yana matse mu.

Na farko: harafin ma babu shi

Haruffanmu masu ƙugiya shida ne a rubutun Najeriya idan aka haɗa manya da ƙanana: Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ. A Nijar akwai ƙarin Ƴ ƴ, inda mu muke rubuta 'y. Takwas ke nan. Kowanne yana da lambarsa a kundin Unicode, wanda shi ne rajistar haruffan duniya da na'urori ke bi. Amma ba a gida ɗaya aka sauke su ba. Ɓ lambarsa 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, ƙ 0199, Ƴ 01B3, ƴ 01B4, duk waɗannan suna rukuni ɗaya na ƙarin haruffan Latin. Ƙaramin ɓ kuwa 0253 ne, ƙaramin ɗ 0257, su biyun suna can cikin rukunin alamomin ilimin furuci.

Ka ga uwa a wata unguwa, ɗa a wata unguwa. Mai zanen da ya ɗauko rukuni ɗaya ya manta ɗaya, sai ka tarar zubinsa yana da babban Ɗ ba shi da ƙaramin ɗ, ko yana da ɓ ba shi da ƙ. Idan na'ura ta nemi harafi ta rasa, abu biyu take yi. Ko ta nuna ɗan akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani zubi ba tare da ta tambaye ka ba. A tsohon tsari aron bai cika tona asiri ba, tunda kauri biyu ne kawai aka fi amfani da su. A zubi mai sauyawa kuwa, kai ka ja kaurinka zuwa 850, shi kuma ararren harafin yana nan a 400, ko ya kai 700 ya tsaya. Wannan ne ya sami ƙ a takardar jarrabawata.

Na biyu: harafin yana nan, amma an yi masa aikin gaggawa

Wannan ya fi ba ni haushi, domin a jerin sunaye za a ce zubin yana ɗaukar Hausa. Abin da wasu masu zane ke yi shi ne su ɗauko b, su yanko ƙugiyar f ko ta wani harafi, su liƙa masa a ka. A kauri na 400 abin zai wuce. Amma da an ja zuwa ƙarshen kauri, gangar jikin harafin ta kumbura, ƙugiyar ma ta kumbura, sai farin filin da ke tsakaninsu ya toshe. Shi ke nan ɓ ya koma b mai rawani. Idan aka matse faɗin zubin kuma, ƙugiyar ƙ takan shige cikin hannunsa na sama har ido ya kasa raba su.

Akwai kuma wata matsalar da ta keɓanta da irin wannan zubi. Don kwamfuta ta iya lissafo tsakani, dole kowane ɗigo a zanen siriri ya sami takwaransa a zanen mai kauri. Saboda haka masu zane sukan bar gutsattsarin harafi a ɗore a kan juna ba tare da an narkar da su sun zama abu ɗaya ba. A baƙin rubutu ba a gani. Amma ranar da mai tsara fosta ya ce a zagaye haruffa da layi a bar cikinsu fari, sai ɗinkin ya bayyana, ka ga layi ya ratsa wuyan ɗ daidai inda aka liƙa ƙugiyar. Ku lura da allunan walima da na kamfe, wataƙila za ku ci karo da shi.

Na uku: tazara da ƙawa

Ƙugiyar ɗ dama take leƙawa, ta saman harafin da ke biye. Idan i ne ke biye, kamar a ɗinki ko ɗimbin, sai ta yi karo da ɗigonsa. Mai zane nagari yakan saka umarnin tazara don irin wannan haɗuwa. Amma yawancin umarnin an yi shi ne don haɗuwar haruffan Ingilishi da Faransanci da makamantansu. Wa ya tuna da ɗɗ na haɗaɗɗe, ko ɓɓ na karɓaɓɓe, ko ƙƙ na miƙaƙƙe? Ga shi kuwa nahawunmu cike yake da irin wannan ninki.

Sai batun ƙawa. Akwai wani salo da ake mayar da ƙananan haruffa su ɗauki siffar manya amma su zauna a gajarce. Ana yawan amfani da shi a kanun babi da bangon littafi. Wannan salo yana buƙatar a zana wa kowane harafi siffarsa ta daban. Idan ba a zana wa ɗ ba, to kalmar ɗanɗano za ta fito da sauran haruffa sun sa uniform, ɗ guda biyu suna tsaye da kayan gida.

Akwai kuma manne f da i su zama harafi ɗaya. A ido ba laifi. Amma Hausa tana da fi da yawa: fita, fili, kifi, fiffike. A wasu takardun PDF, idan ka kwafo rubutun ko ka nemi kalma, mannannen harafin yakan fito a matsayin wata alama daban, ko ya ɓace. Ɗalibi ya nemi "fassara ta fi" a kundin bincike, na'ura ta ce babu, alhali yana kallon kalmar da idonsa.

Na huɗu: alamomin karin sauti da tsawon wasali

Wannan ya shafi ɗaliban jami'a da kwalejojin ilimi. A rubutun yau da kullum ba ma nuna kari ko tsawon wasali, amma a nazari dole ne. A ƙamusun Paul Newman, alal misali, ana ɗora ɗan layi a kan dogon wasali, a sa alamar da ta karkata hagu a kan kari na ƙasa. Idan wasali dogo ne kuma karinsa na ƙasa ne, alama biyu ke nan a kan harafi ɗaya.

Ga abin mamaki. A Unicode akwai ḕ da ṑ a haɗe tun asali, kowanne harafi guda. Amma a da i da u masu alama biyu babu su a haɗe, sai dai na'ura ta ɗora alamar a kan alama da kanta. Ɗorawar kuwa tana bin wasu maƙalai da mai zane ya dasa a kan kowane harafi. A zubi mai sauyawa dole maƙalan su ma su riƙa matsawa yayin da harafi ke kumbura. Idan mai zane bai yi wannan aikin ba, ko manhajar ba ta iya karanta shi ba, sai ka ga e da o sun fito tsaf, amma a kan a alamomin sun hau kan juna, ko ɗaya ta zame gefe ta faɗa kan baƙin da ke kusa. Haka r mai ɗauke da alamar igiya a ka, wanda ake bambanta ra-gare da ra-kaɗe da shi, ɗorawa ake yi, kuma yakan sha irin wannan wahala.

Na biyar: alamar alhamza

Wannan ba laifin zubi kaɗai ba ne, har da manhajar rubutu. Idan ka fara kalma da alamar, kamar 'yan ko 'ya'ya, manhaja takan ɗauka zancen wani za ka buɗe, sai ta juya ta. A maimakon ’yan, mai kama da ƙaramin 9, sai ka sami ‘yan, mai kama da ƙaramin 6. A 'ya'ya kuma sai ta farko ta kalli gabas, ta biyu ta kalli yamma. A siririn zubi ido bai cika kamawa ba. A mai kauri, a babban kanu, kowa zai gani.

Dabarun da nake suka

Yanzu ga inda sharhin nawa ya fi zafi. Matsala ta na'ura ce, amma maganin da muke yi mata yakan fi ciwon illa. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Dabara ta farko ita ce ta yaron shago: a cire ƙugiya. Masu wannan ra'ayi suna cewa jimla za ta nuna ma'ana. Sau da yawa haka ne, ban musa ba. Babban mutum da ya tashi da Hausa a bakinsa zai gane. Amma a gwada waɗannan: "Kura ta lafa." "Ya kare." "Sun hana shi sabo." Kura ce ta daji ko ƙura? Ƙarewa ya yi ko karewa? Sabo aka hana shi ko saɓo? Sannan wa muke rubuta wa? Ɗan aji ɗaya da ke koyon haɗa baƙi, da wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, ba su da abin dogaro sai abin da ke kan takarda. Ina ganin sakamakon a littattafan ɗalibai kullum. Abin da ido ya saba gani shi hannu ke rubutawa.

Dabara ta biyu ita ce k' da d' da b'. Wannan ya fi cirewa, tunda aƙalla an nuna akwai bambanci. A zamanin tafireta da wayar da ba ta da haruffanmu, uzuri ne karɓaɓɓe. Amma alamar tana da aikinta a Hausa, kamar a sana'a da jama'a da ɗab'i. Idan aka ɗora mata aiki na biyu, yaya mai koyo zai karanta d'ab'i? Sannan wanda ya nemi ƙasa a na'ura ba zai sami k'asa ba.

Dabara ta uku ita ce q da x da v, ko kuma alamomin baka. Kun sha ganin qasa da xaya da vangare a intanet, ko }asa da ]aya a tsofaffin kundayen digiri. Asalin wannan shi ne wasu zubi da aka ƙirƙira kafin Unicode ya yaɗu, inda aka zana ƙ a gurbin wani harafi ko wata alama. Waɗanda suka yi wannan aiki sun taimaki Hausa a lokacinsu, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai a cikin fayil ɗin ba ƙ ne ke zaune ba, q ne ko baka sanye da rigar ƙ. Da an buɗe a na'urar da ba ta da zubin, riga ta faɗi. Wanda ke fara sabon aiki da wannan hanya a yau, rami yake haƙa wa mai karatun gobe.

Dabara ta huɗu ta nan dandalin ce. Tunda Facebook ba ya ba mu zaɓin zubi a rubutu na yau da kullum, wasu sukan je shafukan da ke mayar da rubutu mai kauri ko mai lanƙwashe-lanƙwashe su kwafo. Waɗannan ba haruffan rubutu ba ne. Alamomin lissafi ne da Unicode ya tanada don masana lissafi, kuma a ɓangaren Latin daga A zuwa Z kawai suka tsaya. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shi ya sa za ka ga kanu mai kauri da ƙ siriri a tsakiya, ko kuma marubucin ya cire ƙugiyar don kanun ya yi kyau. Ga shi ba a samun su idan an nema, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ma takan rikice a kansu.

Dabarun da nake goyon baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka fara aiki da kowane zubi, gwada shi. Ni ga layin da nake amfani da shi:

Ɓoye ɓaɓatu karɓaɓɓe, Ɗinki ɗiya haɗaɗɗe, Ƙwai ƙyalle miƙaƙƙe, Ƴanci ƴaƴa 'ya'ya, sana'a, fiffike.

Ka rubuta shi a siriri, ka rubuta a mafi kauri, ka jirge shi, ka mayar da shi manyan baƙaƙe, sannan ka buga a takarda da ƙaramin girma. Allon kwamfuta yana rufa asiri, firintar makaranta ba ta rufawa. Minti biyar ne, da na yi su da ban ji kunya gaban aji ba.

Idan zubin ya ci jarrabawa a tsakiya ya faɗi a ƙarshen kauri, to ka zauna a tsakiya. Kanu a 600 mai ƙugiya a fili ya fi kanu a 900 mai ƙugiya a cushe. Idan kana son kanun ya ƙara fitowa, ƙara masa girma.

Idan manhajarka ba ta jituwa da zubi mai sauyawa, alal misali ka zaɓi mai kauri amma PDF ya fito da siriri, to koma wa tsayayyen zubi. Wanda ya sauke zubi mai sauyawa daga Google Fonts, yawanci zai ga wata folda mai suna static a ciki. Nan aka ajiye kowane kauri a fayil ɗinsa kamar da. Cire mai sauyawan, ka sa waɗannan. Komawa baya a nan ba gazawa ba ce.

Idan wata ƙawa ce ke ɓata aiki, kashe ta. Manne f da i ana iya kashe shi a manhajojin tsara littafi. A LibreOffice ma, idan ka rubuta :-liga a ƙarshen sunan zubin, ya mutu. Salon gajerun manyan baƙaƙe idan bai san ɗ ba, ka bar shi, ka yi amfani da manyan baƙaƙe na gaskiya ka rage musu girma kaɗan. Inda ɗ ke karo da i a babban kanu, buɗa tazarar wannan wurin da hannu.

Idan dole sai an yi aro, kai ka zaɓi wurin aron, kada ka bar wa na'ura. Amma abin da ya fi shi ne ka sauya zubin aikin gaba ɗaya zuwa wanda aka yi shi da mu a zuciya. Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL kyauta ne, suna da haruffanmu takwas, kuma sun iya ɗora alama a kan alama. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi, ya dace da littafin firamare. Noto Sans da Noto Serif na Google su ma suna ɗauke da haruffanmu. Duk da haka, kowanne ka ɗauka, bi da shi ta layin gwajin nan.

Wajen shigar da haruffan kuma, a waya Gboard yana da madannan Hausa, Windows ma yana da su. Idan ka rasa, a Word ko LibreOffice ka rubuta lambar harafin ka danna Alt da X tare. Sai dai a kula da tarko guda. Lambobin nan suna amfani da haruffa daga a zuwa f a matsayin alƙaluma. Idan kana rubuta haɗa, ka sa ha sannan 0257, na'ura za ta haɗa a ɗin cikin lambar ta ba ka wani abu daban. Maganinsa ka sa U+ a gaban lambar, ko ka zaɓe lambar ita kaɗai kafin ka danna.

Ita kuwa alhamzar farkon kalma, danna ta sau biyu, ka goge ta farko. Ta biyun za ta fuskanci inda ya dace.

A ƙarshe, kada ka kai wa shago fayil ɗin da za a iya sauya wa zubi. Mayar da shi PDF wanda zubin ke ƙunshe a ciki, ka buɗe ka duba, ka ce a buga maka kwafi ɗaya ka gani kafin a saki sauran.

Laifin wa?

Adalci shi ne kada mu ɗora wa masu zane komai. Da yawa daga cikin zubin kyauta mutum ɗaya ne ko biyu suka zana, kuma mai yiwuwa ba su taɓa ganin shafin Hausa ba. Wanda bai san ɗɗ na faruwa a harshe ba, yaya zai gyara masa tazara? Irin waɗannan zubi galibi suna da wurin da ake kai rahoton matsala, kuma rahoto mai ɗauke da hoto da misalin kalma yana da amfani. Mu nawa muka taɓa aikawa?

Sannan duk ranar da muka rubuta kasa a maimakon ƙasa, shaida muke bayarwa cewa ba ma buƙatar harafin. Mai zane da mai manhaja abin da ke yawo a intanet suke gani. Idan masu harshen sun yar da ƙugiyarsu, wa zai ɓata dare yana gyara mata zama a kauri na 900?

Mu tuna, ƙugiyar nan ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ta zauna, wasu ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin harafi, wasu alama a gefensa. A shekarun 1930 ne aka tsayar da ita, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, shekarun da suka haifar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A wancan lokacin da haruffan ƙarfe ake ɗab'i, sabon harafi sai an zuba shi a ƙarfe kafin ya hau takarda. Duk da haka aka yi. Mu da abin da ya rage mana shi ne danna harafi a waya mu ɗan riƙe, wane uzuri gare mu?

Yaron shagon nan yanzu mun shirya. Na rubuta masa layin gwajin a takarda ya liƙa a jikin bango kusa da firintarsa. Makon jiya ya ce mini wani ya kawo katin ɗaurin aure, ya gwada zubi uku kafin ya sami wanda ya rubuta ɗaurin daidai, kada a gayyaci jama'a daurin aure.

Aikin gida ga ɗalibai: kowa ya kwafi layin gwajin nan, ya gwada shi a zubi uku da ke wayarsa ko kwamfutarsa, ya rubuta wane harafi ne ya fara gazawa, kuma a wane kauri. Wanda ya ga kuskure a bayanina, ƙofar gyara a buɗe take.

Allah ya sa mu dace, ya ƙara mana ilimi mai amfani.